Wa Ya Rufe Gogen Denzil?

Ranar Alhamis ce, tsakiyar Janairu, lokacin bazara a ƙasarmu, zafi ya kai digiri arba'in da uku. Ina bayan masaukin baƙin da nake yi wa wanki, ina kwashe zannuwan gado daga igiya, sai ga 'yar sandan garinmu, Saja Rhonda Vella, ta shigo ta ƙofar baya, hularta a hannu. Babu mai cire hula a garin Yallabri cikin irin wannan rana sai da dalili.

"Merle, ajiye kwandon nan."

"Faɗi kawai, Rhonda."

"Denzil ne. An same shi a rumfar askin tumaki ƙarfe biyar saura. Ya rasu."

Denzil ɗana ne, shi kaɗai na haifa. Shekararsa ashirin da tara. Celo yake kaɗawa, babban gogen nan da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Duk shekara idan zafi ya shigo, ana share tsohuwar rumfar askin tumaki da ke bakin gari, a jera kujeru, makaɗa su zo daga birane su yi mako biyu suna wasa uku-uku ko huɗu-huɗu. Masu gonakin inabi su sa fararen kaya su zo su zauna tsit, ko tari ba a yi. A wannan shekarar sunan ɗana ne a saman takardar sanarwa.

Rhonda ba ta so in je rumfar ba. Na ce ta kai ni ko in tafi da ƙafa.

An riga an ɗauke shi. Saura kujerarsa a kan dandamali, da takardun kiɗansa a buɗe, da jini a gindin tsohon injin matse gashin tumaki, ƙasa da dandamalin. Rufin kwanon yana ta ƙara don zafi.

"Likita yana ganin jiri ne ya ɗebe shi," in ji Rhonda. "Ya miƙe, ya faɗo, kansa ya bugi ƙarfe."

"Ina gogen?"

"Yana ɗakin baya, inda ake ajiye abin sha. A cikin akwatinsa, a rufe."

"To ba jiri ba ne."

Ta juyo ta kalle ni. Na ce mata tun yana ɗan shekara takwas Denzil bai taɓa mayar da goge akwati da rana ba. Kwantar da shi yake yi a ƙasa ta gefe, ya ɗora bakan a kai, ya tafi shan ruwa. Sau nawa na yi tuntuɓe da shi a ɗakin girkina. Kuma mutumin da ya gama aiki har ya rufe gogensa, me zai koma yi kan dandamali da takardu a buɗe?

Rhonda ta sa safar hannu, ta shiga ɗakin bayan ita kaɗai, na ji ƙarar kyamara sau uku.

Washegari sakamakon binciken gawa ya zo daga likitan birnin Adelaide. Ta karanta mini shi a ofishinta domin na ce kada ta ɓoye mini komai. Akwai shatin hannu a ƙirjinsa, ture shi aka yi. Ya faɗi wajen ƙarfe biyu. Bai mutu ba sai wajen ƙarfe huɗu. Da an kira motar asibiti da ya rayu.

Awa biyu. Ga waya a jikin bangon rumfar, taku uku daga inda yake kwance.

Mutum uku ne ke da makullin rumfar ban da shi. Rhonda ta bar ni na zauna a bencin waje, kuma bangon ofishin nan na katako ne, ba abin da ban ji ba.

Ta fara da Bettina Roos, mai kaɗa fiyano, wadda ta tsinci gawar.

"An ce kun yi faɗa da safe."

"Kullum muna faɗa. Shi yana jan kiɗa kamar mai rakiyar gawa, ni ina so mu isa ƙarshe kafin jama'a su tsufa. Na ce masa kunkuru, ya ce mini keken ɗinki." Muryarta ta karye. "Haka muke shekara biyar, Saja."

"Da kika fita, ina gogen yake?"

"A ƙasa, kamar kullum. Ƙarfe ɗaya ke nan. Ya ce zai ci burodinsa ya ci gaba."

Daga ɗaya da rabi zuwa huɗu tana shagon gyaran gashi na Dot, kanta a cikin injin busarwa. Mata biyar sun shaida, har da abin da ta faɗa a kan mijin kowacce.

Sai Anton Marek, mai ƙaramin goge. Shi ne sunansa ya sauko ƙasa a takardar sanarwa, kuma bai ɓoye haushinsa ba.

"Ƙwarai na ji zafi. Shekara goma sha biyu ina zuwa garin nan ƙudaje suna cina. Amma idan zan kashe duk wanda aka fifita a kaina, ai da babu sauran makaɗi a ƙasar nan."

"Ina kake ƙarfe biyu?"

"Mashayar Railway, ina kallon wasan kurket. Tambayi mai wurin. Ya kusa korata don na ce 'yan wasanmu ragwaye ne."

Mai mashayar ya tabbatar, ya ƙara da cewa har yanzu bai huce ba.

Na ukun shi ne Malam Ambrose Lind. Shi ya kafa wasan nan shekara ashirin da suka wuce, kuma shi ya koya wa Denzil kiɗa. Ba ni da abin biya a lokacin, don haka shekara tara ina share masa gida duk Talata da Juma'a, shi kuma yana koyar da ɗana. Gogen da Denzil ke kaɗawa ma a hannun Malam Ambrose ya yi shekara talatin. Na wata gidauniya ne, su suke ba makaɗi aro, kuma bara suka karɓe suka ba Denzil.

Da ya zo wucewa ya riƙe hannuna biyu. "Merle, ɗana ne shi ma." Na yarda. Allah ya sani na yarda.

"Bayan abincin rana na kwanta, fanka a kaina," ya ce wa Rhonda. "Rabona da rumfar tun sha biyu. Shekarata saba'in da huɗu, yarinya, ba na wasa da irin wannan rana."

"Akwai shatin yatsunka a jikin akwatin."

"Na shekara talatin, ba shakka." Ya tashi zai fita, sai ya tsaya. "Ɗakin da kuka ajiye shi, da sanyi dai ko?"

"Gawar?"

"Gogen."

Ranar Asabar suka yi wasansu. Wai don tunawa da shi. Aka ɗauko wata yarinya daga birni ta zauna a kujerarsa kafin ma mu binne shi. Malam Ambrose ya tsaya a gaba ya yi jawabi da hawaye. Ina can baya, kuka ya ƙwace mini a tsakiyar kiɗa, wata mai sarƙar lu'ulu'u ta waiwayo ta sa yatsa a leɓe. Ni za a ce wa in yi shiru! Na fita kafin in yi abin da za a kama ni.

Rhonda ta biyo ni har mota. Ta ciro hoto daga aljihu.

"Na nuna wa yarinyar nan mai kaɗa gogen, ta ce ba ta taɓa ganin mai yin haka ba. Duba ko kin gane wani abu."

Cikin akwatin ne. Gogen a kwance, an ɗaure wuyansa da maɗauri. Rawayan ƙyallen da ake share shi da shi an saƙa shi cikin tsirkiyoyi huɗun, sama da ɗaya, ƙasa da ɗaya, an ninke bakinsa sau biyu.

Shekara tara ina goge ƙura a gefen wannan saƙar. Sau ɗaya na taɓa ta, ya yi mini tsawa kamar na taɓa masa ido. Ya so Denzil ya koya, Denzil ya ce shi ba masaƙi ba ne.

"Ambrose," na ce.

"Na yi zato. Amma maganarki kaɗai ba za ta tsaya a kotu ba, Merle. Lauya zai ce uwa ce, baƙin ciki ya ruɗa ta. Bari hannunsa ya faɗa da kansa."

Litinin da hantsi ta tara su ukun a rumfar, da ni, da wani kurtu a bakin ƙofa. Ta fito da gogen daga akwati, ta kwantar da shi a kan dandamali daidai inda rana ke shigowa ta tsagar rufi. Ta yar da ƙyallen a gefe.

"Gidauniya na so a mayar musu da shi yau," ta ce. "Ni kuwa tsoron abin nan nake, an ce ya fi gidana tsada. Wa zai taimaka ya sa mini shi a akwati?"

"Kada ki dube ni," in ji Bettina. "Nawa kayan sai ƙarti huɗu."

Anton ya yi tsaki ya hau. Ya ɗago gogen ta wuya, ya nufi akwati da shi ba tare da ya tura tsinin ƙarfen ƙasan ciki ba. Tsinin ya karci katako.

"Kai! Buhun dankali ne?" Malam Ambrose ya haye matakalar kamar saurayi. "Ba ni nan, sakarai. Kuma wa ya ajiye shi a rana?"

Ya karɓe. Na ga Rhonda ta dubi agogonta.

Ya tura tsinin, ya ɗaure. Ya sassauta bakan, ya share shi. Ya bi tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya da ƙyalle, ya goge ƙirjin gogen, ya goge bayansa. Ya kwantar da shi kamar jariri, ya ɗaure wuyan. Sannan yatsunsa suka kama saƙa, sama da ɗaya, ƙasa da ɗaya, ya ninke baki sau biyu. Ko kallon hannunsa ba ya yi. Ya rufe, ya ɗauki akwatin ya nufi ɗakin baya da shi ba tare da kowa ya ce ya kai can ba.

"Minti shida," in ji Rhonda. "Dawo da shi, Malam."

Ta buɗe akwatin, ta ajiye hoton a gefen ƙyallen.

"Wannan na ɗauka ranar Alhamis da yamma. Ƙarfe ɗaya Bettina ta bar gogen a ƙasa. Denzil ba ya rufe shi da rana, ba ya kuma wannan saƙar. Bettina ba ta taɓa shi, Anton ko tsinin bai san a tura ba, kuma dukansu gari ya gan su a wani wuri. Kai ka ce rabonka da nan tun sha biyu. To wa ya saƙa wannan? Kuma wanda ya tsaya ya yi wannan aikin, a kan dandamalin nan ya yi shi, yaron yana kwance a ƙasansa."

Ya daɗe yana kallon hoton. Da ya buɗe baki, ba da ni ya yi magana ba, da Anton ya yi, kamar makaɗi ne kaɗai zai gane.

"Roƙonsa na zo yi. Wasan rufewa kaɗai, in kaɗa shi sau ɗaya in yi sallama da shi. Ka san me ya ce? Wai kunnena ya tafi. Wai shekara uku ke nan ina kauce wa sauti, kowa ya sani, ana jin nauyina ne. Yaron da na koya wa riƙon baka! Ture shi kawai na yi. Ban yi nufin ya faɗo ba."

"Da ya faɗo fa?" in ji Rhonda.

"Na ɗauka suma ya yi, zai tashi. Yana numfashi, na ji shi. Amma gogen ya zame, yana cikin rana. Kun san abin da zafi arba'in da uku ke yi wa danƙon da ya haɗa katakon nan? Shekararsa ɗari biyu da goma. Babu irinsa, ba za a sake yin irinsa ba."

"Nawa ɗan fa?" na ce. "Za a sake yin irinsa?"

Sai a lokacin ya dube ni. "Merle, ke ba za ki fahimta ba."

Na zabura na yi kansa, kurtun ne ya riƙe ni. Bettina ta tofa masa yawu a takalmi, kuma har gobe ina gode mata.

Kotu ta ce bai yi niyyar kisa ba. Aka ba shi shekara huɗu, ya yi biyu da rabi saboda tsufa. Mutum sittin suka rubuta wa alƙali takarda a kan hidimar da ya yi wa kiɗa. Gogen yana hannun wani a Sydney yanzu, an ce sautinsa bai canza ba. Har yau ana wasan duk Janairu. Suna aiko mini da katin gayyata, ina sa shi a murhu.

Butar shayina minti shida take ɗauka kafin ta tafasa, na auna. Kullum da safe idan na ɗora ta ba na zama. Nakan taka uku zuwa wayar da ke bangon ɗakin girki, in ɗaga, in taɓa sifiri sau uku, lambar kiran motar asibiti, ba tare da na danna ba, in ajiye, in dawo, in sake. Ni da ciwon gwiwa, sau talatin da ɗaya nake yi kafin butar ta yi kuka.