Uwar Kuɗi Tana Raguwa

"A fasa kawai, Malama."

Na ajiye jan birona a kan littattafan ɗalibai, na ɗago na dube shi. Dogo ne tsaye a ƙofar ofishin malamai, ko farar rigar ɗakin hoton asibiti bai tsaya cirewa ba. Shekara biyu muna tare, ban taɓa ganin idonsa ya yi ja haka ba.

"A fasa me?"

"Sa ranar... Ba zan iya cika sharaɗin Abba ba."

Sharaɗin Abba ɗaya ne tal: gida na kai. Tun ranar da mai gidan haya ya watso wa Yayata kaya waje da goyo a bayanta, Abba ya rantse ba zai sake kai 'yarsa gidan haya ba. Dogo ya samu wani ɗan gida mai ɗaki biyu, asusun gidaje na ma'aikata zai ba shi rancen miliyan goma sha biyu, ya biya a shekara goma sha biyar. Dokarsu kuwa, biyan wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na albashi.

"Wa ya ce ba za ka iya ba?"

"An lissafa min. Ya fi ƙarfina."

"Wa ya lissafa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗan Gwaggonki."

Raina ya ɓaci! Ɗan Gwaggo dillalin gidaje ne, kuma sau biyu yana turo uwarsa neman aurena ina cewa a'a. Amma ba shi ya fi ƙona min rai ba.

"Dogo, me nake koyarwa a makarantar nan?"

"Lissafi..."

"Shekara shida ina koyar da lissafi, ka tsallake ni ka kai wa dillali?"

"Malamata, ki fahimce ni. Ta yaya zan baje miki takardar albashina tun ban aure ki ba? Ai da kunya."

"Kunyar ta fi rabuwa da ni ciwo ke nan?"

Na miƙa hannu, ban sauke ba sai da ya zaro takardun daga aljihu. Albashinsa dubu ɗari uku da talatin, wato iyakarsa dubu ɗari da goma a wata. Ɗan Gwaggo kuwa ya rubuta masa 126,667, har da ja masa layi biyu a ƙasa.

Kallo ɗaya na yi wa takardar, dariya ta kuɓuce min.

"Dariya ma kike yi?"

"Dogona, je ka koma wajen majinyatanka. Gobe bayan la'asar ka zo gida. Ka sa riga mai kyau."

Washegari falon Abba ya cika. Gwaggo ta zo da ɗanta yana ta kaɗa makullin mota, wai sun zo taya mu jaje. Dogo na zaune a kan darduma can bakin ƙofa. Abba, wanda ya shekara talatin yana sayar da siminti, ya juya takardar gaba da baya.

"Yaro, ina ganin kirkinka. Amma ga lissafi nan, ba ni na yi shi ba."

Na shigo da ƙaramin allon da nake yi wa yaran unguwa darasi, na durƙusa.

"Abba, a ba ni izini in yi magana."

"Ikon Allah!" Gwaggo ta tafa hannu. "Yarinya ta fara ƙirga albashin namiji tun kafin a shafa fatiha! Yaya, kana gani?"

"Bar ta," in ji Abba. "Muna jin ki, Uwata."

"Abba, a ce ka ajiye buhu ɗari da tamanin a sito, ana karɓar kuɗin ajiya a kan kowane buhu. Duk wata kana fitar da wasu. Bayan shekara goma, za ka biya kuɗin ajiyar buhunan da ka riga ka kwashe?"

"In biya na me? Ai sai abin da ya rage a ciki."

"To abin da ɗan Gwaggo ya yi ke nan. Ya ɗora kuɗin ruwa, shida cikin ɗari, a kan miliyan goma sha biyun gaba ɗaya har shekara goma sha biyar, kamar ba a taɓa biyan ko sisi ba. Alhali uwar kuɗi tana raguwa duk wata. Ruwan kuma a kan abin da ya rage ake ɗora shi."

Ɗan Gwaggo ya yi murmushin raini. "Ƙanwata, wannan harkar gidaje ce, ba aji ba."

"Shi ya sa zan yi a hankali, don kai ma ka gane, Yaya."

Na ɗauki alli.

"Shida cikin ɗari na shekara, a raba shi wata goma sha biyu, ya zama 0.005. A ƙara masa ɗaya, a ninka shi da kansa sau ɗari da tamanin, yawan watannin biya. Ya ba da 2.454. A ninka wannan da 0.005, sannan a raba da 1.454, wato shi ɗin bayan an cire ɗaya. Abin da ya fito shi ne ma'aunin biya."

"Uwata, yi min da Hausa," in ji Abba.

"A kan kowace dubu ɗaya da ya ranta, zai riƙa biyan takwas da ɗigo huɗu huɗu a wata. A kan miliyan goma sha biyu, nawa ke nan a wata?"

Abba ya lumshe ido, leɓunansa na motsi, yadda yake yi idan mota ta sauke masa kaya.

"Dubu ɗari da ɗaya... da 'yan kai."

"Da ɗari biyu da sittin da uku, Abba. Iyakarsa dubu ɗari da goma. Har da rara!"

Dogo ya ɗago kai a karo na farko. Kallon da ya yi min, har yau in na tuna sai na ji kaina ya ƙara girma.

"Kuskure ne, Kawu," ɗan Gwaggo ya fara kame-kame. "Kowa yana kuskure..."

"Yaya, ba kai ka cike wa shugabar makarantarmu takardar gidanta bara ba? Asusu ɗaya, shekaru ɗaya. Ni ta kawo wa na duba mata, daidai ka yi shi, ko ɗigo ban gyara ba. Sai a kan Dogo hannunka ya kuskure?"

Makullin motar ya daina ƙara.

Abba bai ɗaga murya ba. Ya ninke takardar ya miƙa wa Gwaggo.

"Riƙe wa ɗanki kayansa. Ni da shi za mu yi magana daga baya." Ya juya ga Dogo. "Kai kuma, ka san abin da ya ba ni haushi da kai? Kana da wannan a hannu, ka tafi neman lissafi a titi. Ka turo manyanka ranar Asabar."

A zaure Dogo ya tsaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Hasken idona, ki yafe min..."

"Sai na yi tunani."

"Har yaushe?"

"Wata ɗari da tamanin. Kana biya a hankali."

Ya yi dariya har da share ƙwalla, ni ma na kasa riƙe tawa.

Wata huɗu bayan nan aka ɗaura aure, takardar gida na cikin aljihun Abba, ya ƙi bari kowa ya riƙe masa. Ina daga ɗaki cikin mayafi na jiyo muryarsa ta taga, ya tara abokansa 'yan kasuwa.

"Ku ba ku gani ba! Alli kawai ta ɗauka. Ta ce a kan kowace dubu, huɗu da ɗigo takwas takwas! 'Yata ce fa, ni na biya mata makaranta!"

Yayata ta zungure ni. "Ke, ya juya lambar. Ba za ki aika a gyara masa ba?"

Na goge hawayena da bakin mayafi.

"Ƙyale shi, Yaya. Yau na ba shi maki ɗari."