Wa Zai Sha Bayan Nomau?

Rahina tana tsakar gida tana sa wa mahaifinta maɓallan riga sai ta ji an banko ƙyaure ba ko sallama. Baba Nomau ba ya iya wannan aikin da kansa, domin kuturta ta cinye masa yatsu tun kafin a haifi Rahina. Ya sha magani ya warke sarai, amma yatsun ba su dawo ba.

"Ke! Wurinki na zo!"

Mama Asiya ce, shugabar zumuntar mata ta majami'ar Angilikan da suke zuwa a Gidan Rumji, kuma mahaifiyar Aminu, malamin lakol, wato makarantar boko, wanda ke neman Rahina da aure. Rahina ta shimfiɗa tabarma da rawar jiki, ta kawo ruwa ta durƙusa.

"Kwashe kayanki! Ni in sha ruwan gidan ga? Allah shi kiyashe ni! Na ji Aminu ya kai maganarki wurin Rabaran, wai a hwara shelar aure. To ki buɗe kunne ki ji: jinina ba shi gamuwa da na kutare!"

"Mama, Baba ya warke tun..."

"Yi mani shiru! Ɗiyar kuturu har da bakin magana?"

Baba Nomau ya sunkuyar da kai, ya tura hannayensa cikin riga. Wannan ɓoyon hannun ya fi zagin yi wa Rahina ciwo. Ta ƙi yarda ta yi kuka sai da matar ta fita.

Da yamma Aminu ya iso a kan moto, wato babur, ransa a ɓace.

"Pardon, ki yi haƙuri Rahina. Na gaya wa Inna cutar ga ba gado ba ce, kuma wanda ya sha magani ba shi sa wa kowa. Likita ma ya hwaɗa mata, ta ƙi ji!"

"Uwarka ce, Aminu. Kada ka ɗaga mata murya saboda ni."

"To in bar ki?"

Ta girgiza kai, hawaye suna zubo mata.

Rabaran ya ce ba zai karanta shelar aure ba sai uwar ango ta sa albarka, amma ya gaya wa Mama Asiya gaba da gaba cewa ƙyama ba dalilin hana aure ba ce. Sai ta ɗauki faɗan ta kai shi inda ba wanda ya zata.

A majami'ar, ranar Jibin Ubangiji kowa yakan durƙusa gaban bagadi a jere, Rabaran ya bi su da gurasa, sannan ya bi su da ƙoƙo guda, kowa ya kurɓa. Shekara da shekaru ana haka, Baba Nomau yana durƙusawa duk inda ya samu wuri, ba wanda ya taɓa ko yamutsa fuska. Mama Asiya ta bi gida-gida tana tambayar mata ko sun san bakin da suke sha a bayansa. Kafin wata ya ƙare, zuwa gaban bagadi ya zama kamar rububin rabon hatsi. Ana ture-ture da zannuwan zumunta, kowa yana so ya riga Nomau. Mutanen da suka gama rera waƙar ƙauna yanzun nan!

Rabaran ya yi wa'azi har muryarsa ta dushe. Aka ce "Amin", aka ci gaba da rububi.

"Na daina zuwa, ɗiyata," in ji Baba Nomau. "In dai ni ne cikas ga aurenki, sai in zauna gida."

"A'a Baba. Teburin ba nasu ba ne. Mu bar musu gaba, mu riƙa zuwa daga ƙarshe."

Haka suka yi. Rahina takan jira kowa ya wuce, ta kamo mahaifinta su durƙusa a ƙarshen layi. Tana jin ana ƙus-ƙus a bayanta, zuciyarta tana ƙuna, amma ba ta fasa gaida Mama Asiya a bakin ƙofa ba, ita kuma ba ta fasa ɗauke kai ba.

Wata Lahadi Aminu ya baro kujerar mawaƙa ya zo ya durƙusa a gefensu, ya sha bayan Nomau kowa yana kallo. Mama Asiya ta tare shi a harabar majami'a.

"Ka kashe ni, Aminu! Ka tozarta ni gaban mata!"

"Inna, ƙoƙon Ubangiji na sha."

Ta ɗauke shi da mari. Lahadi ta gaba ya sake komawa wurin.

To, matan zumunta sun koyi darasin shugabarsu fiye da yadda ta so. Suka yi lissafinsu: Aminu yana sha bayan kuturu, kuma kwano ɗaya yake ci da uwarsa. Aka fara dawo mata da tuwon da ta aika gidan suna. A taron zumunta aka ba ta moɗarta daban. Ranar Jibi kuwa, tana isa wurinta na kullum sai mataimakiyarta ta baza zane ta tare.

"Ki yi haƙuri Mama, mu ma muna da ɗiya. Ki ɗan matsa can."

"Ni? Ni za a ce wa in matsa?"

Ta matsa, wata ma ta ce ta matsa. Haka aka yi ta tura ta har ƙarshen layi, ba wanda ya buɗa mata. Ta tsaya a tsakiyar majami'a ita kaɗai. Rahina ta ɗago ta gan ta. Wani daɗi ya so ya taso mata a zuciya, amma ta san zafin wannan tsayuwar, ba za ta so wa kowa ita ba. Ta matsa gefe.

"Mama, ga wuri."

Mama Asiya ta durƙusa tsakanin Rahina da Nomau don ba ta da wani wurin. Da Rabaran ya iso da ƙoƙo, sai Baba Nomau ya janye kansa baya.

"Rabaran, a hwara ba ta. Kada ta sha bayana ranta ya ɓaci."

Nan kuka ya ƙwace wa Mama Asiya, irin wanda ba a iya ɓoyewa.

"A'a! Ba shi! Malam Nomau ka gafarce ni, ni ce na ɓata teburin ga!"

Ya sha, ta tallabi ƙoƙon da hannu biyu ta sa baki daidai inda ya ɗauke nasa. Matan zumunta suka rasa inda za su sa idanunsu.

Kafin a tashi ta miƙe ta fuskanci jama'a, tana riƙe da hannun Rahina.

"Rabaran, ka karanta shelar yau ɗin nan. Wanda ke da magana ya zo wurina."

Ba wanda ya zo. Bayan kaka aka ɗaura auren Aminu da Rahina, Baba Nomau ya miƙa 'yarsa da hannayensa a fili.

Ku da kuke karatu, ku lura: ƙyamar da mutum ya koya wa jama'a ba ta tsayawa a kan wanda ya nuna, wata rana shi ma za ta same shi. Rahina ba ta rama zagi ko ɗaya ba, haƙurinta ne ya ba ta miji, ya kuma ba ta uwa.