Faratan Shafa'atu

"Ku matso ku gani! Wanga hannu za a kawo muna gida?"

Batulu, yayar Zayyanu saurayina, ta ɗaga hannuna sama a gaban matan da suka kawo lefena Geza, sai ka ce ta kama ɓarauniya a kasuwa.

Kowane farcena da tsagi a tsakiya, biyu sun ɗaye, tafin hannuna yana saɓa. Ni kaina ba na son kallonsu.

"Sakar min hannu!" na ce. "Likita a Bagudo ya ce korona ce ta bar min shi. Wata shida sababbi za su fito."

Ta sheƙe da dariya.

"Korona? A Geza? Jirgi kika hau? Ciwon manyan Abuja ne za ki laƙa wa kanki don ki ɓoye kuturta?"

Kuturta! Innata ta dafe bango.

Ana haka na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Zayyanu ya yi sallama ya shigo, hannuwansa cikin baƙar safar da ya fi wata biyu bai cire ba. Raina ya ɗan yi sanyi, domin shi ya san komai. Lokacin da aka rufe boda babansa ya hana shi tsallakawa, shi kuwa ya bi ta daji zuwa Segbana, can hayin bodar, ya dawo da zazzaɓi da tari. Ya ɓuya a ɗakin abokinsa a Tsamiya. Kwana tara ina kai masa kunu da magani, na dawo na kwanta nawa ciwon.

"Zayyanu, gaya musu..."

Ya sunkuyar da kai.

"Shafa, abar ƙaunata, ki yi haƙuri... a ɗaga bikin har su warke."

"Abin da za ka ce ke nan?"

Ban san lokacin da na fizge safar ba.

Ga faratansa nan, tsagi iri ɗaya da nawa, a daidai wuri ɗaya.

Batulu ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

"Wayyo! Ta shafa mishi! Ta gama da ƙanena!"

Na zuba masa ido. Kalma uku kawai nake jira, ya ce, "Ni na kawo." Wallahi da ya faɗa, da na yafe masa har kuturtar da aka jefe ni da ita.

Ya duƙa ya ɗauki safarsa, ya kakkaɓe ƙasar, ya matso kusa da kunnena.

"Haba masoyiyata... mi ya sa kika tona ni?"

Zuciyata ta yi zafi, amma hawaye ya ƙi zuwa. Da waɗannan faratan na ja akwatunan lefen ɗaya bayan ɗaya har zaure. Wani farcen ya ƙarasa cirewa, jini ya ɓata marfin na ƙarshe.

"Shafa, tsaya mana..."

"Kwashe kayanka, Zayyanu. Nawa ciwon wata shida ne. Naka ban san ranar warkewarsa ba."