Sandar Jan Ƙarfe a Ɗakin Gogo

Kwanaki ke nan ina ɗauke da wannan magana a cikina. Ni ba mai dogon karatu ba ce, ku yi haƙuri da rubutuna. Sunana Kulu, a Dutsin-Ma muke zaune, maigidana kuma aikin wayarin lantarki yake yi.

Bayan damina wani Alhaji ya ba shi aikin sabon gidan gas a hanyar Kurfi. Aikin irin wannan wuri ba kamar na gidan zama ba ne. Kowace waya sai ta bi cikin bututun ƙarfe, kowane makunni sai an kulle shi a akwati mai kauri an toshe bakinsa, don inda gas yake tartsatsi ɗaya ya isa. Sannan akan haƙa rami a kafa sandar jan ƙarfe, a ɗaura mata waya, duk wutar da ta ɓace hanya ta bi ta nan ta shige ƙasa. Filin Alhaji kuwa dutse ne kusan ko'ina. Wuri ɗaya aka samu mai laima, gindin wani tsohon kututturen tsamiya. Nan maigida da leburorinsa suka haƙa. Suka zuba gishiri da gawayi da jiƙaƙƙen kashin shanu, wai haka ƙasa ta fi shan wuta. Gawayin da ya ragu maigida ya ƙullo mini shi a buhu, ni kuma na hura na ɗora tukunya.

Magaribar ranar ta zo kamar kullum. Kaji sun shige akurki, an fara kiran salla a masallacin unguwa, ɗiyata Batula tana kwashe tuwo. Sai wani abu ya faɗo bisa kwanon ɗaki. Muka ɗaga kai. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro a hankali, ya dira gaban murhu. Na ɗauka dutse ne. Da na haska, curin kashin shanu ne, ɗanye, yana tururi.

Babu mai shanu a layinmu.

Daga ranar, da rana ta yi ja gidan sai ya ɗauki wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Ruwan randa ya koma gishiri. In na yanka malmalar tuwo sai in tarar da baƙin abu a tsakiya, ba na son in faɗi ko mene ne. Na wanke tukwane da toka har fatar hannuna ta saɓule. Daga ramin soket ɗin lantarki na ɗakin Batula kuma ana jin tarin tsohuwa, busasshe, a hankali, kamar mai jiran a kula ta.

Bayan makonni, wata yamma na leƙa madafa na sami Batula a tsugune gaban buhun gawayin nan. Yarinyar da ko ƙuda ya faɗa mata a koko sai ta zubar. Tana tauna gawayi ƙurus-ƙurus, baƙin yawu yana bin haɓarta yana ɗiga a hijabi.

Na ce, "Batula, mi kike ci haka?"

Ta ɗago. Idon nata ne, kallon ba nata ba ne.

"Abin da aka zuba mini nike ci," in ji wata murya ta tsohuwa daga bakinta. "Ke ma ki zo ki ɗanɗana."

Na fita tsakar gida da gudu.

Washegari maigida ya hau babur ya ɗauko Malam Ja'afar daga Kurfi, dattijo ne da aka sani da ruƙiyya. Bayan la'asar ya sa aka shimfiɗa tabarma, na riƙe kafaɗun Batula, ya fara karatu. Ya daɗe yana yi. Inuwar katanga ta rufe tsakar gida, tsuntsaye suka yi tsit, warin nan ya taso har Malam ya ja rawani ya rufe hanci. Can jikin yarinyar ya sandare a hannuna, muryar tsohuwar nan ta fito daga bakinta.

"Kai mai gemu, rage murya. Ba kurma nike ba."

Malam ya ce, "Wa ke magana?"

"Gogo."

"Musulma ce ke, Gogo?"

"Na riga kakanka fara salla."

"To mi yarinya ta yi miki?"

"Tambayi ubanta, ga shi nan yana sunkuyar da kai kamar na kirki. Tun ba a gina madatsar ruwan Zobe ba nike zaune gindin tsamiyar nan. Ya zo ko sallama babu, ya fasa mini ɗaki, ya soka ƙarfe tsakiyar shimfiɗata. Ya bi ni da gishiri. Ya bi ni da kashin shanu. Leburorinsa kuma da fitsari ya kama su, ina suka nufa? Ramin! Suna dariya, wai ƙarin laima ne."

Na juya na dubi maigida. Bai musa ba. Wallahi a lokacin ji na yi ko hannunsa ba na son ya taɓa kofin da nake shan ruwa.

Malam ya ce, "An zalunce ki, ba mu ƙi ba. Amma ita wannan ba ta haƙa rami ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"In fita in koma ina? Ƙazantar ma na iya haƙuri da ita, na ga wadda ta fi ta wajen 'yan Adam. Wutar ce ba ni iyawa. Duk wadda ta ɓace musu, a gadon bayana take sauka. In tankar gas ta zo suka maƙala mata wayar nan, har haƙorana sai sun kaɗa. Ya zare ƙarfensa, ko ya raba shi da wayar."

Maigida ya ce, "Malam, in na raba su, ranar da tanka ta zo sauke kaya wutar jikinta ba ta da wurin zuwa. Unguwar nan duka sai ta tashi."

"Unguwarku," in ji Gogo. "Ni tawa ta riga ta tashi."

Malam ya ci gaba da karatu har ta fara kuka tana cewa ya bari, yana ƙona ta. Daga nan aka shiga ciniki kamar a kasuwar Laraba. Ta ce yau. Malam ya ce ba ya yiwuwa. A ƙarshe aka tsaya a kan maigida zai haƙa wani ramin nesa da kututturen, ya mai da wayar can, ya wanke mata wurinta da ruwa mai tsarki, kafin sabon wata ya tsaya.

"In wata ya tsaya wuta na dukana, zan dawo," in ji ta. "Kuma ba ni sake fita, ko ka karance abin da ka sani duka."

Batula ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗo jikina. Da ta buɗe ido ta taɓa bakinta, ta ga baƙi a yatsunta, sai ta fashe da kuka tana cewa, "Inna, mi na ci?"

Tun ranar gidan ya yi lafiya. Ta koma makaranta, tana cin abinci, har ta fara tsokanar mutane kamar da.

Amma da maigida ya je wa Alhaji da maganar, ya tarar an malale filin duka da kankare, an cika babban tanki, an fara ciniki. Kafin a fasa kankare da dutse a wurin sai an rufe gidan, an kwashe gas ɗin kaf, don bakin diga ma yana fitar da tartsatsi. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce aljanar ta zo ofis ta same shi, zai ba ta tukunyar gas kyauta. Ya ce wanda ya taɓa masa kankare sai dai su haɗu wurin 'yan sanda.

Saura hanya ɗaya. Inda wayar ta haɗu da sandar akwai ɗan murfi, a ƙarƙashinsa noti ne guda. In aka kwance shi babu mai gani, fitilu za su ci gaba da ci, wuta kuma ta daina sauka a kan Gogo. Ni na fara ce masa ya kwance. Sai ya ɗauke ni a babur ya kai ni wurin. Na ga mata a layi da tukwanen gas, wasu da goyo. Na ga mai suyar awara a tsallaken titi, wutarta na ci. Bayan katangar kuma makarantar Islamiyya ce, ana jiyo haddar yara.

A hanyar dawowa ya tsaya gefen titi, bai ko juyo ba, ya ce, "Kulu, ke ce uwa. In kin ce in kwance, gobe zan kwance."

Shi ya haƙa, shi ya zuba ƙazantar, shi ya tsaya yana kallo ana fitsari a ɗakin baiwar Allah, amma ni ya miƙo wa wannan. Na je wurin Malam Ja'afar, ya ce shi alƙawari ya ɗaukar wa Gogo, kuma irinsu ba sa mantuwa.

Watan ya rame, saura kamar ƙumba. Batula ba ta san da wa'adin ba, ɗazu ma tambayata take wane ɗinki za a yi mata na bikin ƙawarta. 'Yan'uwa mata, ku da kuka haifa, don Allah ku gaya mini: in ce masa ya kwance, ko in yi shiru in zauna kusa da ɗiyata har watan ya tsaya?