Tayoyin Manaja

Da safe Manaja ya fito zai tafi ofis, ya tarar an kwance sabbin tayoyin motarsa guda huɗu, an ɗaura wasu tsofaffi da aka shafe da baƙi suna ta ƙyalli. Kafin Sajan ɗin 'yan sanda da ya kira ya iso har ya yanke hukunci: mai wankin mota ne ɓarawon. Dattijon na tsugune gefen bokitinsa. Shekara goma sha biyu yana wanke motocin gidan, yau ana shirin kai shi a rufe.

Manaja irin mutanen nan ne masu sayen mota mai tsada alhali ko inda ake zuba mata ruwa ba su sani ba. Sajan ya ƙyale shi yana kumfar baki, ya juya wajen direba.

"Ina kake jiya?"

"Asibiti, yallaɓai. Matata ta haihu, kwana biyu ban leƙo ba."

"Makullin mota fa?"

"A falo yake kwana. Jak da sifana kuma suna cikin but."

Ba a fasa but ɗin ba. Sajan ya durƙusa, ya dangwali taya ya shinshina, sannan ya sa direba ya gusa da motar gaba kaɗan. Kowace taya ta juyo da tabo mai ruwan toka, daidai inda ta taɓa ƙasa.

"Baba, kai yaya kake shafa wa taya mai?"

Dattijon ya yi tsaki. "In shafe sama, in gusa da motar, in shafe ƙasan. Wannan aikin ƙazami ne. Man takalmi a jikin taya? Tir!"

Ƙanin matar Manaja na tsaye a inuwa yana latsa waya. Wata takwas ke nan yana gidan, ba ya tsinana komai sai cin abinci da goge takalmi.

"Malam, mu ga hannunka," in ji Sajan.

Ƙanin ya dubi Manaja. "Yaya, kana ji ana ci min mutunci?"

Sajan ya kamo hannun da kansa. Ƙarƙashin faratan baƙi ƙirin. A ɗakin ƙanin aka samu gwangwanin man takalmi biyu, an sharce su tas. Tun kafin a ciro ankwa ya faɗi rumfar mai facin da ya kai wa tayoyin.

"Wanda ya yi aikin nan yana shiga falo, Baba kuwa iyakarsa bakin famfo," in ji Sajan. "Kuma duk mai wankin mota ya san taya juyawa take. Ƙanin matarka ya ɗauka takalmi ne."

Manaja ya sosa ƙeya. Ba da haƙuri ai ya fi ƙarfin bakinsa.

"To Baba, shi ke nan, tashi ka wanke min wannan ƙazantar."

Dattijon ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwarsa.

"Ranka ya daɗe, hannun ɓarawo ba ya taɓa motar manya. Nemi wani."

Ya nufi ƙofa, ko waiwaye bai yi ba.