Koren Zaren Musa Mai Rediyo

Ana idar da sallar azahar Musa mai gyaran rediyo ya faɗo caji ofis na Bodinga, ko hula babu.

"Yallaɓai, an ɗauke mini akwatin!"

Sufeto Mainasara bai tambayi wane akwati ba, don duk garin an san shi. Na'ura ce mai ɗan gilashi, da an jona mata sauti sai wani koren zare ya fito yana rawa, kowace murya da irin lanƙwasarta. Da ita Musa ke gyara piyanon lantarki na makaɗan siyasa. A shekarar 1982 kuwa, da sabulu ma sai an bi layi, ina za a samo wata?

A shagon, rediyoyi na nan, piyanon na nan. Akwatin kaɗai aka ɗauka da makirfo.

"Wannan ɓarawo ba yunwa ta koro shi ba," in ji Sufeto.

Aka kawo Isa mai piyano, wanda ya fi kowa zarya a shagon. Ya rantse a Danchadi ya wuni.

"Danchadi da aka kwana ana ruwa? Ga takalminka fes."

Isa ya sosa ƙeya. Ashe gidan ɗan takarar jam'iyyar da ke hamayya da iyayen gidansa ya saci jiki ya je kiɗa.

"Amma a tambayi tsoho Haliru mai goge," in ji shi. "Kullum shina zaune gaban akwatin nan, shina goga tsirkiya shina kallon zaren, awa mai duba."

 Haliru ne ya yi wa Sufeto kiɗa ranar aurensa, kuma har yau yana ƙaunar tsohon.

A gidan Haliru, matarsa Lami ta tare Sufeto a zaure.

"Bai hita ba tun jiya, ranka shi daɗe."

Sufeto ya ɗaga kai. Sabuwar wayar lantarki ce ta tsallako katanga daga gidan maƙwabci, ta shige ɗakin mutanen da fitilar ƙwai suke kunnawa.

Haliru ya fito, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yadda ake yi wa hukuma.

"Ina wuni, Baba?"

"Lahiya lau, ranka shi daɗe."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina akwatin Musa?"

"Aiki da godiya."

 Sufeto ya sake gwadawa, murya sama.

"Kai ka ɗauke shi?"

"Iyali duk lahiya lau."

Lami ta toshe baki ta fashe da kuka.

Tausayi ya kama Sufeto. Ya tsuguna, ya ɗago haɓar tsohon don ya ga bakinsa, ya maimaita tambayar a hankali.

Haliru ya bi leɓensa da ido har ya gane.

"Ni na ɗauka. Shekara biyu ke nan kunnena ya mutu, Lami kaɗai ta sani. Sai nig ga in goge ya ɗauru daidai, zaren nan shina kwantawa sumul. Da ido nika ɗaure shi yanzu. Jibi ina da kiɗan buki, ban iya ɗaure shi gaban mutane su gane."

"Da ka roƙi Musa, ai da ya ara maka."

"Sai in ce mishi don mi?"

Ya shiga ɗaki ya fito da akwatin, naɗe cikin rigarsa ta sallah. Ya miƙa hannu biyu a sa ankwa. Sufeto ya ture hannun, ya buɗe masa ƙofar gaba ta Landiroba.

Kafin ya shiga, tsohon ya kama hannun rigar Sufeto.

"Alfarma guda, ɗana. Rubuta ɓarawo. Kada ka rubuta kurma."

A ofis, Sufeto Mainasara ya cika takarda tsaf. Da ya zo layin dalilin sata, ya daɗe riƙe da biro, sannan ya rubuta: ba a sani ba.