Abin da Sauro Ya Ƙi Faɗa

Farar rigar aikinsa ce ta kai shi shagonta, aljihun ya yage saboda cusa biro. Tela ce, tana kan keke, ba ta ɗago ba sai da ya maimaita sallama.

"Likita ne?" ta tambaya tana juya rigar.

"A'a, a ɗakin gwaji nake. Ni ke ɗibar jinin mutane in duba."

"Au, ashe sauro ne."

Ya yi dariya har da dafa ƙofa, sunan kuwa ya bi shi. Daga ranar kayansa suka shiga lalacewa ba dalili, maɓallin da ke zamansa lafiya ma sai ya tsinke shi. Ta gane sarai, ta ƙyale shi, don ita ma ta kamu.

"Telata, yau na ɗebi jinin mutane da yawa, amma nawa ne ke gudu in na tuna ki," ya rubuto mata.

"Saurona, rage zaƙin baki, ka zo ka gaida Abba."

Ya je da ƙwarin gwiwarsa. Yana shiga falo suka haɗa ido da Abba, tsohon direban babbar mota, nan take fuskar dattijon ta canza. Sauro ya san shi. Kwanan baya shi ya ɗebi jininsa, gwajin ya nuna alamar ciwon hanta nau'in C, likita ya ce ya dawo a yi na biyu. Abba bai koma ba, bai kuma gaya wa kowa a gida ba. Ya ji ana cewa cutar masu yawon banza ce, kunya ta hana shi sakat.

Sauro ya durƙusa ya gaishe shi kamar yau ya fara ganinsa. Yana fita Abba ya ce, "Yaron nan bai yi mini ba." Umma ta yi juyin duniya, ya ƙi faɗin dalili. Sai ma ya koma yabon ɗan amininsa mai shagon wayoyi, wanda ba ya iya sallama sai danna hon a ƙofar gida.

Wata rana da hantsi ta fita sayen zare, ta hango Sauro da Abba a gefen garejin da Abba yake zama da abokansa. Abba na nuna shi da yatsa, shi kuma ya sunkuyar da kai. Ta juya ta koma shago.

"Me ka aikata da Abba ya sani ni ban sani ba?" ta tura masa.

"Ban yi abin kunya ba, Telata. Amma maganar ba tawa ba ce, ba zan faɗa ba."

"To riƙe abinka. Kada ka ƙara zuwa shagona."

Ta sha kuka a kan keke. Shi ma abin ya ci shi ƙwarai, don yana sonta kamar ransa, amma bai fasa zuwa garejin yana lallashin Abba ba.

"Abba, gwajin farko cewa kawai ya yi jikinka ya taɓa haɗuwa da cutar. Na biyun ne zai nuna ko tana nan. In tana nan, ƙwayoyi za ka sha na 'yan watanni, ana warkewa."

"Ka gaya mata, ko? Don ka samu shiga."

"Ta kore ni ne saboda na ƙi gaya mata. Kai ka ce mana an taɓa ƙara maka jini da ka yi haɗari shekarun baya, ta nan ma ana ɗauka. Ko ka ba ni ita ko ka hana ni, Abba, ka zo a duba. Hantarka nake ji."

Washegari sai ga Abba a layin ɗakin gwaji, ya naɗe hannun riga da kansa.

Cutar tana nan. Ranar da aka ba shi magani ya kira Umma da 'yarsa falo, ya zayyana musu komai.

"Kunyata ce ta sa na ƙi yaron nan. Da ya buɗe baki sau ɗaya, da kin yarda da shi, ni na ji kunya. Ya zaɓi ya rasa ki da ya tona ni. Wa zan ba ke in ba shi ba?"

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Saurona, ka yafe mini."

"Ba ki yi mini komai ba. Ki kawo Umma gobe, ke ma ki zo a duba ku."

Aka duba su, lafiya lau. Abba ya sha maganinsa bai tsallake ba, gwajin ƙarshe ya nuna babu cutar a jininsa. Ba a daɗe ba aka ɗaura aure.

A gaban jama'a Abba ya kama hannun angon, ya faɗi sunan ciwon da bakinsa, ya ce duk wanda bai yi gwaji ba ya je ya yi. Sannan ya juya ga amarya da hawaye a idonsa.

"Ya rufa mini asiri, Allah Ya rufa muku naku. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a mai lafiya."

Ta ce amin tana kuka, tana dariya.